Katin Yana Jakata

Ranar da kuɗin Baba suka ɓace, katinsa yana cikin jakata. Ban taɓa musun wannan ba. Yana cikin ƙaramin aljihun nan mai zif, inda yake zaune tun lokacin da idon Baba ya daina ganin rubutun allon injin cire kuɗi. Ni ce mai difloma a gidan, don haka ni ce 'yar aiken banki. Duk wata in fansho ya shigo, sai in tashi daga kemis ɗin da nake aikin karɓar kuɗi, in bi layin injin da ke cikin harabar banki, in ciro abin da ya ce, in kawo masa har da rasit.

Na dawo daga aiki da la'asar na tarar da su a falo. Baba yana kan kujerarsa da waya a hannu. Yaya, babban wanmu, yana tsaye a bakin taga, matarsa da muke kira Anti tana zaune a hannun kujera. Umma tana ƙofar kicin, ta riƙe ludayi kamar ta manta abin da ake yi da shi.

"Sannunku da gida," na ce.

Yaya ya miƙo hannu.

"Kawo jakar nan."

"Lafiya?"

"Akanta, kawo jakar na ce."

Akanta yake ce min tun da na gama makaranta, kuma ba don yabo ba. Ya fizge jakar ya zazzage ta a tsakar falo. Biro, man leɓe, makullin durowar kemis, har audugar mata, komai ya watse a gaban Baba. Ya zuge zif ɗin ciki, ya zaro katin ya ɗaga sama kamar wanda ya kamo ɓera.

"Baba ka gani? Ga shi nan."

"To da a ina kake so ya kasance? Wai me ya faru ne?"

Anti ce ta karanta min saƙonnin banki. Shida a jere, tun da hantsi. An ciri kuɗi, an sake cira, an sake, har asusun ya koma wayam. Ba fanshon wata kaɗai ba, har da abin da Baba yake tarawa don a yi masa aikin ido.

Na matsa kusa da Baba.

"Baba, tashi mu je banki yanzu kafin su rufe. A toshe katin. Kwafe shi aka yi."

"Kwafe shi aka yi," Yaya ya maimaita da irin muryata. "Takardar jarrabawa ce?"

"Yaya, ka fi kowa sanin inda aka kwafe shi."

Mako biyu kafin nan, ranar da muke ƙirgar kaya a kemis ban samu fita ba, Baba ya buƙaci kuɗin magani. Ya sa na bar katin a gida, Yaya ya je. Ya ga layin banki ya yi tsawo, sai ya wuce injin nan na bayan gidan mai, wanda ba mai gadi ba kowa. Da bakinsa ya dawo yana mita, wai katin da ƙyar ya shiga, da ƙyar ya fito, bakin injin har rawa yake yi. Na tambaye shi a gaban matarsa ko ya ja bakin ya ji ko liƙa shi aka yi, ko ya rufe hannunsa lokacin da zai danna lambar sirri. Na ce ɓarayi suna ɗora baki na bogi a kan na gaske ya kwashe abin da ke jikin kati, su maƙala 'yar kyamara a sama ta ga lambar. Ya ce ni zan koya masa cire kuɗi, tun ana goya ni yake shiga banki? Na roƙi Baba a canza lambar. Baba ya ce shekarar da ya kama aiki ce, wata ba za ta zauna masa a ka ba. Kuma a cewarsa, canza ta washegarin da ya aiki babban ɗansa daidai yake da kiransa ɓarawo. Aka bar ta.

Na tuna musu wannan duka. Yaya ya yi dariya.

"Kun ji ta ko? Kuɗi sun fita yau, kati yana jakarta yau, amma laifin na wanda ya taɓa shi tun mako biyu ne."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya juyo da idanunsa masu yana inda nake tsaye.

"Ni ban yi boko irin naki ba. Abin da na sani, kati ɗaya banki ya ba ni, kuma a hannunki yake. Ina kika kai su?"

Tun ina ƙarama Mamana yake ce min, don sunan mahaifiyarsa ne da ni. Daga ranar na koma "ke".

Banki kuwa, Baba ya ce ba zai je ba. "In je in tsaya a gaban yara sa'o'in 'ya'yana in ce 'yata ta yi min sata? A gida abin ya faru, a gida za a kashe shi."

Washegari na je ni kaɗai. Ma'aikaciyar da ke kanta, wata doguwa mai tabarau, ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce asusun ba nawa ba ne, ko toshe katin ma sai mai shi ya zo, ko ya kira da layinsa. Na koma gida na durƙusa a gaban Baba, na ce ya ba ni wayarsa in kira masa, shi ya yi maganar da kansa. Ya sa wayar a aljihu.

"So kike ki ɓatar da sawu," ya ce. Ya karɓi katin ya kulle a akwatinsa.

Bayan kwana uku aka tara dangi. Gwaggo, yayar Baba, ta zo tun da safe da jakar kayanta kamar mai zuwa jinya. Baffa, ƙaninsa, ya zo. Wasu mata biyu ma sun zo, waɗanda ban san ranar da suka fara damuwa da idon Baba ba. Aka zaunar da ni a ƙasa, a tsakiya.

"Ni tun da aka ce mace za ta karanta lissafin kuɗi na ce to," in ji Gwaggo. "Ai ba lissafin tara wa uba ake koya musu ba, na kwashewa ne."

Aka yi dariya.

"Ku dubi takalmin da ta cire a bakin ƙofa. Ku dubi waya. Wayar nan ta fi ta Baffanta."

"Da albashina na saya, Gwaggo."

"Rufe min baki, marar kunya. Saurayi ne, faɗi gaskiya. Wani ɗan iska ya yi miki daɗin baki kin kwashe kin ba shi. Ai mun ga irinku."

Baffa ya gyara zama. Shi mai taushin murya ne.

"'Yata, amsa kawai. Ki ce sharrin shaiɗan ne, ki ba shi haƙuri, magana ta wuce. Ba wanda zai kai ki ko'ina."

"Baffa, in na amsa kuɗin za su dawo?"

"A'a, amma zuciyar ubanki za ta yi sanyi."

"To ban ɗauka ba. Ku tambayi Yaya wane inji ya je."

Ban ga tahowar hannun ba. Sai dai na ji kunnena na hagu ya toshe, bakina ya cika da ɗanɗanon jini. Yaya yana tsaye a kaina yana huci. Daga kicin na ji Umma ta ce "wayyo" a hankali, sannan na ji ƙarar wanke-wanke. Baba ya ce, "Ya isa." Ba don ni ya faɗa ba, gudu yake kada maƙwabta su ji.

Ranar Litinin Baba da kansa ya zo kemis, Yaya yana riƙe da hannunsa. Akwai masu sayen magani huɗu a gabana. Bai nemi a keɓe ba. Ya gai da mai kemis, ya ce ya zo ne a kan yarinyar nan da ta kwashe masa kuɗi, yana so daga yau a riƙa ba shi albashinta a hannu. Matar da nake miƙa wa canji ta tsaya ta ƙirga shi sau biyu a gabana.

Da suka tafi mai kemis ya kira ni ciki. Ya daɗe yana juya biro.

"Shekara biyu kina riƙe da durowar nan, komai bai taɓa yin ciwon kai ba. Na sani."

"To, ranka ya daɗe?"

"Da wani ne ya faɗa, sai in ce hassada ce. Amma uba fa. Ubanki da ya haife ki, a gaban kwastomomi." Ya miƙo tafin hannu. "Ba ni makullin. In abin ya warware, ƙofa a buɗe take."

Na ajiye masa makullin a kan tebur, ban sa a hannunsa ba. Na ɗauki jakata na fita ta ƙofar gaba, kaina a sama. Sai da na sha kwana na jingina da bango.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya, sai dai kullum da abin da ake ragewa. Yaya ya karɓe wayata, wai a ga saurayin in ya kira. Ya ɗauki kwamfutar da na yi makaranta da ita ya sayar, wai a rage asara. Ya zo da sukundireba ya cire ƙofar ɗakina ya jingina ta a bayan gida, wai wanda ba ya ɓoye komai ba ya buƙatar ƙofa. Na rataya zanen gado a wurin. Anti ta sayi kwaɗo ta sa wa ɗakinta, ko banɗaki za ta shiga da jakarta take shiga. In na wuce sai ta ce, "Ba ke nake nufi ba fa, zamanin ne ya lalace."

Tunda ba ni da aikin yi, wankin gidan ya dawo kaina, har da na Yaya. Ni nake wanke rigar da ya mare ni da ita a jikinsa. Aike kuwa an daina ba ni, sai na ɗiban ruwa, don shi ba canji a cikinsa. A layinmu mata suka sa min suna Hajiya Banki. In na tsaya a shago, sai in ga an matse jaka a hammata. Wata tsohuwa da nake karanta wa takardar asibiti tun ina sakandare ta ce min, "Ke kuwa 'yar nan, ko makaho ne ai ubanki ne."

Ban yi kuka a gabansu ba ko sau ɗaya. Kullum da safe sai na yi wanka, na goge kayana, na sa su kamar mai fita aiki, sannan in ɗaura zani a kai in hau wanki. Gwaggo, wadda har lokacin ba ta koma gidanta ba, takan ce, "Ku ga ɓarauniya da guga." In ce, "Ina kwana, Gwaggo." Wannan gaisuwar ta fi zagi ƙona mata rai, ni ma na sani.

Wata ya ƙare, fansho ya shigo da safe. Kafin azahar wayar Baba ta yi ƙara sau uku. An kwashe shi tas.

Katin yana cikin akwatin Baba, makullin akwatin yana aljihunsa. Ni kuwa tun safe ina tsakar gida, hannuna cikin kumfa, a kan idon Gwaggo. Allah ya yafe min, wani abu kamar farin ciki na ji. Na ɗauraye hannu na shiga falo.

"Baba, yanzu fa? Katin yana jakata?"

Baba ya buɗe akwati ya shafa katin da yatsa. Na ga maganar ta kusa fitowa daga bakinsa, sai Yaya ya riga shi.

"Ta haddace lambobin jikinsa ne. Ba Akanta ba ce?"

"Da me na cire? Wayata tana hannunka. Ko fita ban yi ba."

"Kina da mutane a waje. Su ne muke nema."

"Ai na faɗa," in ji Gwaggo. "Ƙungiya ce da su."

A ranar suka farke katifata da reza. Suka zazzage littattafaina ɗaya bayan ɗaya. Anti ta duba cikin takalmana. Ba su samu komai ba, kuma rashin samun ya zama wata hujjar: wai na iya ɓoye abu.

Abin da gaskiya ta kasa, yunwa ta yi shi. Kwana huɗu ba a yi cefanen kirki ba, sai Umma ta tsaya a bakin ƙofar Baba ta ce, "Malam, ko don tukunyar nan ka je bankin nan. In wata mai zuwa ma aka kwashe fa?" Da safe ya sa hula, Yaya ya riƙe masa hannu. Ba wanda ya ce in zo. Na bar wankin a jiƙe na bi su a ƙafa.

Doguwar nan mai tabarau suka samu. Na tsaya a bayan kujerar Baba, Yaya yana harara ta. Ta daɗe tana duba kwamfuta, sannan ta juyo da allon. Da ta gane Baba ba ya gani, sai ta karanta masa.

"Baba, ba da katin da ke hannunka aka ciri kuɗin nan ba. Wani aka buga irinsa. Kuma duk a wani gari aka cire, tafiyar yini guda daga nan. Kun taɓa amfani da injin bayan gidan mai?"

Yaya ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Mutane da yawa sun kawo mana kuka a kansa. An liƙa masa baki na bogi da 'yar kyamara, sai da aka yi kwanaki kafin a gane. Ga shi nan, mako biyu kafin a fara kwashe kuɗin, ƙarfe sha ɗaya da kwata, an sa katinka a can. Sau ɗaya tak. Wa ya je? In kuna so a nemo hoton wanda ya tsaya a gaban injin, ana iya nemowa."

"Ba sai an nemo ba," in ji Yaya. Muryarsa ta koma ta yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Ta ɗago ta gan ni. Ta cire tabarau.

"Wannan ba 'yarka ba ce, Baba? Ai ta zo nan washegarin da abin ya faru, ta yi min bayanin nan kaf tun kafin mu ma mu tabbatar. Da ka biyo ta ranar, da na biyun bai tafi ba. Na farkon ma da an bi sawunsa da wuri. Yanzu kam sai abin da Allah ya yi."

Ta toshe katin, ta ba shi fom na sabo, ta buga masa takarda mai ɗauke da duk abin da ta faɗa, da hatimin banki. Na ce ko ni ma za a ba ni ɗaya. Ta ce ta so, amma mai asusu kaɗai ake ba. Baba ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba.

A bakin ƙofar banki ya tsaya. Bai juyo ba.

"Abin da aka ji a ciki, a ciki ya tsaya."

Da yamma Umma ta ɗaga zanen da ke ƙofata ta shigo, ta zauna a kan farkakkiyar katifa. Baba ya gaya mata komai.

"Ni dama zuciyata ba ta taɓa yarda ba," ta ce.

"Amma bakinki ya yarda, Umma."

"Me kike so in yi? Yayanki mai iyali ne. In aka ce shi ya jawo, da wane ido matarsa za ta dube shi? Surukansa fa?"

"Ba sata ya yi ba, ganganci ne. Wa aka taɓa kora daga aiki don ya je injin da ba layi? Ni fa? Da wane ido ake dubana?"

"Ke yarinya ce. Mutane za su manta."

Yaya ya tare ni a wurin famfo washegari. Ya ajiye min wayata a kan bokiti, allon ya tsage.

"Ni ma fa cutata aka yi, Akanta. Da ba ki yi min rashin kunya a gaban matata ba ranar nan, da na saurare ki. Bakinki ne ya ja miki."

Baba kuwa da na durƙusa a gabansa, cewa ya yi, "To, ba ga shi Allah ya wanke ki ba? Me kuma?"

"Allah ya wanke ni a wurin mutum uku, Baba. A gaban mutum nawa aka ɓata ni? Ka tara waɗanda ka tara, ka gaya musu. Ka je kemis ka faɗa a inda ka faɗi wancan. Ba na neman kwamfuta, ba na neman ƙofa. Wannan kaɗai."

Ya daɗe yana jan carbi.

"Ni, da furfurata, in tsaya in ce na yi ƙarya?"

"Ka ce ka yi kuskure."

"Za a tara su," ya ce.

Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Na shirya yadda zan yi in ya faɗa: ba zan kalli Yaya ba, ba zan kalli Gwaggo ba. Zan ce na gode, in tashi. Har na ji tausayin tsohon.

Ranar Asabar da hantsi suka cika falo, mutanen nan dai na farko, har da ƙarin maƙwabta biyu da Gwaggo ta gayyato. Wannan karon a kan kujera na zauna, ba wanda ya hana. Gefen takardar bankin ya leƙo daga aljihun Baba. Ya yi gyaran murya.

"Na tara ku ne a kan maganar yarinyar nan. Na yi tunani, na ga duniyar nan ba wurin zama ba ce. Kuɗi sun tafi, ba za su dawo ba. 'Ya kuwa 'ya ce, ko me ta yi. Saboda haka ina so ku shaida, na yafe mata. Duniya da lahira. Kada wanda ya sake tayar da maganar."

Falo ya ɗauka. "Allahu akbar." "Kai, Malam, Allah ya saka." Ɗaya daga matan har da share ƙwalla. Baffa ya kama hannun Baba ya girgiza. Yaya ya sunkuyar da kai kamar mai jin wa'azi.

"To, tashi mana," in ji Gwaggo. "Durƙusa ki yi godiya. Wani uban da tuni kina hannun hukuma."

Na tashi. Ban durƙusa ba.

"Baba, ban karɓa ba."

Duk suka juyo suna kallona.

"Mai laifi ake yafe wa. Takardar banki tana aljihunka. Ba wa Baffa ya karanta wa mutane."

Hannun Baba ya tafi kan aljihun, ya danna takardar ciki da yatsa biyu.

"Wace takarda?" ya ce.

Na juya wurin Yaya. "Kai ma ba ka san ta ba?"

"Baba ya ce kada a sake tayar da magana."

Umma tana bakin ƙofar kicin, inda take tsayawa kullum.

"Umma, kin sani. Faɗa musu abin da ya gaya miki."

Ta kalli Baba, ta kalli ƙasa. "Ki yi godiya mana, 'yar nan. Ki bar mu mu huta."

"Oh ni!" Gwaggo ta tafa hannu. "An yafe wa ɓarauniya tana yanga. Yau na ga abin da ya fi ƙarfina."

Baffa ya dubi aljihun Baba. Na ga ya duba, ya kuma gane. Mutum ne mai karatu, minti ɗaya ya ishe shi ya karanta takardar nan. Sai ya kau da kai.

"'Yata, ko da a ce gaskiyarki ce, tsayuwar nan da kika yi a kan ubanki, kina ƙaryata shi a gaban jama'a, ta fi satar muni. Durƙusa."

"Ina durƙusa masa kullum, Baffa, kuma gobe ma zan durƙusa in gaishe shi. Amma ba a kan wannan ba."

Suka yi ta yi. Wasu da lallashi, wasu da zagi, Gwaggo da Allah wadai. Ina tsaye, hannuwana a bayana. Ɗaya bayan ɗaya suka gaji suka nemi takalmansu. Kowa zai fita sai ya tsaya ya ba Baba haƙuri.

Wata biyar ke nan. Kuɗin ba su dawo ba, aikin idon ba a yi ba. Mai kemis ya ɗauki wata a madadina. A layinmu labarin ya ƙara tsawo: yarinyar da ta yi wa ubanta sata sau biyu, ya yafe mata, ta ƙi godiya. Sabon katin yana aljihun Yaya. Na samu aikin jera kaya a wani kanti can ƙarshen gari, inda ba a san ni ba, kuma ba a bari in matsa kusa da durowar kuɗi don ban kawo takardar shaida daga gida ba.

Waɗanda suka liƙa wa injin nan baki ba su san ni ba. Ba su san sunana ba, ba su taɓa cin abin da na dafa ba. Kuɗi suka zo nema, kuɗi suka ɗauka, suka tafi. Sauran abin da na rasa, a falonmu aka ɗauke shi, da rana tsaka, kuma kowa ya san wanda ya ɗauka.

Kullum da safe kafin in fita ina shiga wurin Baba in durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Kin shirya yin godiyar?"

"A'a, Baba. Ka shirya karanta takardar?"

Sai ya juya fuskarsa bango. Ni kuma in tashi in tafi aiki.